Kyamara Mai Zugazugi da Filim ɗin da Aka Daina Yi

Ƴan uwa, har yau muna cewa "zan je in wanko hoto", alhali wasu injinan da ke fitar da hoton waya ko ɗigon ruwa ba sa taɓawa. Ni da nake karatun harshe, irin waɗannan kalmomi su ne sawun da nake bi. Wankin nan na gaske ne a da: a ɗaki mai duhu ake tsoma filim cikin ruwan magani, a ɗauraye, a shanya. Hotunan baƙi da fari da ke rataye a ɗakunan kakanninmu a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, na katin shaida ko na tafiya Makka, duk sai da suka sha wannan wanka.

Cikin kyamarorin wancan zamani akwai mai naɗewa. Ka danna maɓalli, murfi ya buɗe, gilashin ya fito gaba a bakin wata fata mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙera. Ka gama, ka mayar, ta shige aljihun riga. Kamfanin Kodak na Amurka ne ya baza ta a duniya tun ƙarshen shekarun 1890, kuma kowace da girman filim ɗinta, mai lamba. Lamba 116 ta fito a 1899, lamba 120 a 1901.

A nan ne wayon ƴan kasuwa ya shigo. A farkon shekarun 1930 Kodak ya fito da lamba 620. Filim ɗin 120 ne sak, faɗinsa wajen santimita 6, sai dai an naɗa shi a kwarkwaro mai siriri. Wanda ya sayi kyamarar 620, kwarkwaron 120 ba zai shiga cikinta ba. Daga baya kamfanin ya daina yin 116 a 1984, ya daina 620 a 1995. Kyamarori lafiyarsu ƙalau, amma an yanke musu abinci. Lamba 120 kuwa har gobe ana yin ta.

To, in ka ci karo da irin wannan kyamara wurin ƴan gwanjo a Maradi ko Kano, kada ƙyalƙyalin ƙarfe ya ruɗe ka. Buɗe bayanta ka duba lambar filim. Shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila cikin zugazugin. In haske ya ɓullo ko da kamar tsinin allura ne, hoto zai lalace. In ta 620 ce, dabarar ita ce ka sake naɗa filim ɗin 120 a tsohon kwarkwaronta cikin duhu, don haka kada ka bari a yar da kwarkwaron da ke ciki. Naɗi guda hoto 8 yake bayarwa in girman 6×9 ne. Takwas kawai! Shi ya sa mutanen da ba su tsayawa gaban mai hoto sai sun ci ado.

Amma wallahi ba kyamarar ce ta fi damuna ba, negatif ne. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948. A 1991 aka baje hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Da aka bi sawu aka same shi, sai ga dubban negatif ya adana. Da su aka sake wanko hotunan da suka sa duniya ta san shi. A Yamai ma, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya bar mana hotunan samari da ƴan matan birnin a wuraren rawa na shekarun 1960 da 1970.

Namu fa? Negatif ba ya buƙatar caji ko intanet, ɗaga shi sama ka ga fuskar kakanka. Maƙiyansa gara, zafi da ruwan damina. Wayarka kuwa ta faɗa rijiya, hotunan shekara biyar sun tafi.

Shawarata: wannan hutun, kowa ya roƙi tsofaffin gidansu su buɗe adaka. Ku ɗauki hoton kowane hoto, ku rubuta sunan mutum, gari da shekara da fensir a bayansa, tun masu gane fuskokin suna raye. In akwai tsohon mai hoto a unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku tambayi inda ya ajiye negatif ɗinsa.