Killace Bututun Iskar Injin Mota Daga Zafi: Ƙiyasin Amfaninsa a Yanayin Maiduguri

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ribar da ake samu idan aka naɗe bututun da ke kai wa injin mota iska da abin da ke tare zafi, a yanayin bazarar Maiduguri. An yi amfani da dokokin tafiyar zafi da na iskar gas wajen ƙiyasi a kan injin fetur mai lita 1.8. Sakamakon ya nuna cewa naɗin yana rage zafin iskar da kimanin digiri 0.4 idan an taka totur har ƙasa, da digiri 1.5 idan injin yana sulo, alhali bakin bututun da ke zuƙar iska daga cikin bonet yana iya ƙara mata digiri sama da 30. Maƙalar ta tsaya a kan cewa inda bututun ke ɗebo iska ya fi abin da aka naɗe shi da shi muhimmanci.

Muhimman kalmomi: injin fetur, bututun iska, zafi, ƙura, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Maiduguri tana cikin garuruwan Nijeriya mafiya zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma garin yana bisa tudun da ya ɗara mita 300 daga doron teku. Akasarin motocin da ke jigila a cikinsa da kan hanyoyin Damaturu, Bama da Gamborun Ngala motocin Kwatano ne, waɗanda aka ƙera domin ƙasashe masu sanyi, suka tsufa a can kafin su iso nan. Direbobi sun daɗe suna cewa mota tana yin nauyi da tsakar rana, tana sakin jiki bayan magariba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk dabarar da aka ce tana ƙara ƙarfi ko tana rage shan mai sai ta samu masu saye, ciki har da naɗe bututun iska da takardar alminiyam ko audugar gilashi.

Tambayar binciken ɗaya ce: digiri nawa naɗin yake ragewa, kuma me wannan ragin yake haifarwa a aikin injin?

2.0 Tushen Nazari

Injin ba ya ƙona fetur sai da iska, kuma na zamani yana riƙe ma'aunin kimanin giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur. Girman silinda ba ya sauyawa, don haka ƙarfin da injin zai bayar ya dogara ne da nauyin iskar da ta cika silindar. Ana samun nauyin iska a kowace mita kubik ta hanyar raba matsinta da sakamakon ninka 287 da zafinta a ma'aunin Kelbin. Idan aka ɗauki matsin iskar Maiduguri a kilofaskal 97.5, iska mai digiri 25 tana da nauyin kilogiram 1.14, mai digiri 42 tana da 1.08, mai digiri 75 kuwa ba ta wuce 0.98 ba. Ke nan kowane ƙarin digiri 10 yana zaftare kimanin kashi 3 cikin ɗari na nauyin.

Ƙarfin injin ba ya faɗuwa daidai da haka. Ƙa'idar SAE J1349 ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wadda ta ɗauki digiri 25 da kilofaskal 99 a matsayin ma'auni, tana gyara ƙarfin ne da tushen murabba'in rabon zafin, abin da ke ba da asarar kusan kashi 1 cikin ɗari a kowane digiri 6. Bisa wannan, motar da komai nata lafiya lau tana rasa kusan kashi 4 cikin ɗari na ƙarfinta a ranar Afrilu mai digiri 42 a Maiduguri, tun kafin zafin injin ya taɓa iskar. Abin da direbobi ke faɗa gaskiya ne, sai dai wannan kaso ba na gyara ba ne.

Akwai asara ta biyu. Iska mai zafi tana sa ragowar cakuɗin mai da iska ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi, a ji ƙarar ƙas-ƙas a hawan tudu ko da lodi. Injin mai kwamfuta yana da sensar da ke jin wannan ƙara, sai kwamfutar ta jinkirta tartsatsin filogi domin ceton fistin, ƙarfi ya ƙara raguwa. Man da ake saye a galan a hannun 'yan bumburutu, wanda babu mai tabbacin ingancinsa, yana iya tsananta lamarin.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Binciken na lissafi ne. An ɗauki injin fetur mai lita 1.8 da ƙarfin doki 90, irin na Volkswagen Golf 3 da ake haya da ita a arewa. An ƙaddara bututun roba mai faɗin santimita 7, tsawon santimita 50, kaurin milimita 3, wanda faɗin fatarsa ya kama murabba'in mita 0.11. An ƙaddara iskar waje a digiri 42, ta cikin bonet a digiri 75, tazarar digiri 33 ke nan. An duba hali biyu: totur har ƙasa a juyi 5,000 a minti tare da cikar silinda kashi 85 cikin ɗari, inda injin ke zuƙar kimanin giram 69 na iska a daƙiƙa, da sulo, inda yake zuƙar kimanin giram 3. An ɗauki ma'aunin miƙa zafi tsakanin iska da bango a 15 daga waje da 60 daga ciki a hali na farko, da 10 da 5 a hali na biyu, duka a wat kan murabba'in mita kan digiri. Naɗin da aka gwada a lissafin audugar gilashi ce mai kaurin milimita 10, wadda zafi ke ratsa ta da ma'aunin 0.04, inda na roba yake 0.25, na alminiyam kuwa kusan 200.

4.0 Sakamako

4.1 Zafin da ke ratsa bangon bututu

Idan an taka totur har ƙasa, iska tana gudun kimanin mita 17 a daƙiƙa a cikin bututun, tana ratsa shi cikin kashi 3 cikin ɗari na daƙiƙa. Zafin da ke shigowa ta bango ya kama wat 38. Da yake ana buƙatar jul 1,005 kafin a ɗaga zafin kilogiram ɗaya na iska da digiri ɗaya, wat 38 ɗin bai ƙara wa iskar fiye da digiri 0.55 ba. Da aka sa naɗin, zafin ya sauko zuwa wat 10.5, ƙarin ya koma digiri 0.15. Ribar ita ce digiri 0.4, wato ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari na ƙarfin injin. Babu ƙafar direban da za ta ji wannan.

A sulo iska tana tafiya a hankali, tana shafe kusan daƙiƙa 0.7 a bututun. Ƙarin zafin ya kai digiri 3.6 babu naɗi, 2.1 da naɗi. Ragin ya fi yawa a nan, amma a lokacin da motar ke tsaye a cunkoson Kasuwar Litinin ko shataletalen Gidan Waya, inda babu mai neman ƙarfi a wurinta.

4.2 Hucin manifol ɗin salansa

Ƙarfe mai zafi yana jefa huci ko da bai taɓa komai ba, kuma hucin yana ƙaruwa ne da zafin ƙarfen a Kelbin ninki huɗu a kan kansa. Manifol ɗin salansa da fatarsa ta kai digiri 400 yana fitar da kimanin wat 9,300 a kowace murabba'in mita. Idan aka ƙaddara rabin bututun yana fuskantarsa, kuma kashi 10 cikin ɗari na abin da wannan rabin ke kallo manifol ne, baƙar roba za ta sha kimanin wat 46. A gudu wannan bai kai digiri ɗaya ba. Amma idan motar ta tsaya bayan doguwar tafiya, misali a shingen bincike a kan hanyar Damaturu, kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan zafin zai ratsa ciki, ya ƙara wa 'yar iskar sulo kimanin digiri 5. Alminiyam mai ƙyalli yana mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na hucin, ya bar ƙarin ƙasa da digiri ɗaya. Saboda haka siririn faranti mai ƙyalli da aka kafa tsakanin manifol da bututu, aka bar rata ta iska, ya fi auduga mai kauri aiki. Masu ƙera motoci suna sa irin wannan faranti tun daga masana'anta, kuma yana cikin abubuwan da ake cirewa a gareji a manta ba a mayar ba.

4.3 Bakin bututu

A nan ne babbar asarar take. A motar da take yadda aka ƙera ta, akwatin iyakilina yana da wani hanci na roba da ke leƙawa bayan ragar gaba ko cikin fenda, yana ɗebo iskar waje. A tsofaffin motoci wannan hanci yakan tsage, ko ya ɓace bayan an yi karo an gyara gaba, ko a jefar da akwatin gaba ɗaya a ɗaura matata mai siffar mazurari a bakin tiyo saboda ƙarar da take bayarwa. A duk waɗannan halaye injin yana shaƙar iskar da fanka ta turo ta cikin lagireto. A lissafinmu iska mai digiri 75 ce a madadin 42: nauyinta ya ragu da kashi 9.5 cikin ɗari, ƙarfi ya ragu da kusan kashi 5, doki 4 da rabi daga cikin 90, ban da jinkirin filogi. Asarar ta fi ribar naɗi sau saba'in da wani abu. Wanda ya naɗe bututu ya bar bakinsa a cikin bonet ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai wani abu da ya shafi motocin Turai masu kafureto da wasu na farkon zamanin injin allurar mai. An yi musu wata 'yar ƙofa a akwatin iyakilina da ke jawo iska mai ɗumi daga jikin manifol ɗin salansa, domin kada ƙanƙara ta daskare a maƙogwaron injin a lokacin sanyinsu. Idan ƙofar ta maƙale a ɓangaren ɗumi, motar za ta riƙa shan hucin salansa a tsakiyar Afrilu, mai ita bai sani ba. Duba ta ba ya buƙatar fiye da buɗe murfi.

5.0 Tattaunawa

Maganar rage shan mai ba ta samu goyon baya daga lissafin ba. A tuƙin yau da kullum totur a ɗan buɗe yake, kuma kwamfuta tana auna mai ne daidai da nauyin iskar da ta shiga. Idan iskar ta yi sanyi direba yana ɗan sassauta ƙafa, idan ta yi zafi yana ɗan ƙara takawa, man da aka ƙona kusan ɗaya ne. Sai a injin da zafi ya kai shi ga jinkirta filogi ne sanyaya iska za ta taɓa aljihu, kuma digiri ɗaya ko biyu ba su isa su sauya wannan ba.

Ga kuma ƙura. Hunturun Maiduguri yana zuwa da ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele da ke Chadi. Ƙyallin alminiyam shi ne aikinsa. Da zarar ƙura ta haɗu da gumin baƙin mai ta rufe shi, sai ya koma shan huci kusan kamar roba. Audugar da ta sha mai kuma hatsari ce kusa da salansa, haka soso da leda da tsumma da ake ɗaurewa da waya. Naɗin yana kuma ɓoye tsagewar bututu, kuma tsaga a bayan matata tana shigar da rairayi kai tsaye cikin silinda, ya ci zobban fistin. Wannan ɓarnar ta fi kowace asarar zafi tsada.

Mai neman iska mai sanyi kada ya sauke bakin bututun ƙasa kusa da taya, kamar yadda masu tseren motoci ke yi a wasu ƙasashe. Can ne ƙura ta fi yawa, kuma da damina ruwa yana kwanciya a titunan garin. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta nuna iyakar abin. Ruwa ba ya matsuwa, rabin kofi a silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin.

Injin dizal mai tobo, irin na Toyota Hilux, hukuncinsa daban ne. Tobo da ya ninka matsin iska biyu da ingancin kashi 70 cikin ɗari yana ɗaga ta daga digiri 42 zuwa kimanin 141. Idan ta shigo da 75 sai ta fita da kimanin 184. Tazarar 33 ta zama 43, don haka bakin bututu ya ƙara muhimmanci. Bututun da ya fito daga tobo kuwa ya fi cikin bonet zafi, naɗe shi riƙe zafin ne a ciki. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne wanke ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar tobo daga ƙura da laka.

6.0 Shawara

Ga mai mota da bakanike, tsarin aiki shi ne a fara da mayar da hancin akwatin iyakilina, a duba ƙofar iska mai ɗumi, a mayar da farantin manifol, a sauya matata a kan kari. Naɗin alminiyam ya zo a ƙarshe, kuma a gefen da ke kallon salansa kawai.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 da na fetur a Turai daga 2001 suna da soket ɗin OBD da ke ba da zafin iskar shiga da lokacin tartsatsin filogi ta ƙaramar na'ura da wayar hannu. Muna kira ga sassan injiniyan kanikanci na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da su ɗora ɗalibai a kan wannan awo a watannin Afrilu da Disamba, da motocin haya na gaske, tare da sa ma'aunin zafi na daban a tsakiyar bututun, domin sensar motar kanta takan ɗauki zafin bangon da take maƙale a jiki idan mota na tsaye.