Shin Da Gaske Ɗan'adam Ya Taka Wata?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Katsina. Ya ce yana yaro ɗan shekara tara, da daminar 1969, ya ga mahaifinsa da abokansa sun kewaye akwatin rediyo a zaure ana gardama, wasu na cewa Turawa sun sauka a wata, wasu na cewa ƙarya ce tsagwaronta. Daga baya aka kawo majigi garinsu, ya ga wasu mutane cikin fararen kaya suna tsalle kamar fara. Yanzu jikansa ya ce masa duk shiri ne aka haɗa a ɗaki. Shi ne yake so mu gaya masa gaskiya, kada ya bar wa jikoki labarin da ba shi da tushe.

To Malam, madalla da wannan tambaya. Abin da ka gani a majigi ya faru, kuma ga yadda aka yi.

Asalin abin gasa ce tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a zamanin yaƙin cacar baka. Rashawa ne suka fara cin gaba. Ran 4 ga Oktoba 1957 suka harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, wanda nauyinsa kilo 84 ne, wato bai ma kai buhun masara ba. Bayan wata guda suka aika da wata karya mai suna Laika, ba ta dawo da rai ba. Sai ran 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo, tafiyar minti 108. Shi kuwa ɗan ƙauye ne, iyayensa ma'aikatan gona. Da ya diro da lema, a gona ya sauka, kuma waɗanda suka fara ganinsa wata mata ce da jikarta, suka tsorata da kayan jikinsa sai da ya lallashe su. A 1963 Valentina Tereshkova, wadda a da a masaƙa take aiki, ta kewaya duniya sau 48, ita ce mace ta farko.

Wataƙila ka ce, to me ya hana kumbon faɗowa? Gudu ne. Yana tafiyar wajen kilomita 28,000 a awa guda, saboda haka duk da ƙasa tana janyo shi, saurinsa ya sa yake ta zagaya ta, kamar dutsen da yaro ke juyawa a majajjawa.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: Kano tana cikin wannan tarihi. Kumbo yakan kewaye duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi, tashar rediyo guda kuwa 'yan mintoci kaɗai take jin sa kafin ya wuce. Don haka Amurkawa suka kafa tashoshi a jere kewaye da duniya, daga cikinsu akwai ta Kano da ta Zanzibar. Ran 20 ga Fabrairu 1962, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da tashar Kano, har ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Kai manomi ka san wace ƙura ce ke tashi a watan Fabrairu, ta hunturu ce. Haka kuma a watan Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko ke nan da shugabannin ƙasashe biyu suka yi haka.

Kennedy ɗin nan shi ne a 1961 ya ɗauki alkawari cewa Amurka za ta kai mutum wata kafin shekarun 1960 su ƙare. Aikin ya ci rayuka. A Janairu 1967 gobara ta kashe 'yan sama jannati uku a cikin kumbon Apollo suna gwaji a ƙasa. A Afrilun shekarar Barashe Vladimir Komarov ya mutu da lemar kumbonsa ta ƙi buɗewa.

Ran 16 ga Yuli 1969 aka harba Apollo 11 da mutum uku: Neil Armstrong da Edwin Aldrin da Michael Collins. Nisan wata daga nan wajen kilomita 384,000 ne, suka yi kwana huɗu a hanya. Ran 20 ga wata, da ƙarfe tara da 'yan mintoci na dare agogon Nijeriya da Nijar, Armstrong da Aldrin suka sauka, Collins yana sama yana kewayawa yana jiransu. Gab da ƙarfe huɗu na asuba Armstrong ya sa ƙafa. Tsallen da ka gani kuwa, dalilinsa shi ne ƙarfin jan wata kashi ɗaya cikin shida ne na ƙasa, mai ɗaukar buhu ɗaya a nan sai ya ɗauki shida a can. Ran 24 ga Yuli suka faɗo cikin tekun Pasifik lafiya lau. A lokacin Nijeriya tana tsakiyar yaƙin basasa, akwatin talabijin kuwa sai a manyan birane irin su Kaduna da Ibadan da Ikko, shi ya sa akasarin mutanenmu ta rediyo suka ji.

Yanzu sai hujjar da za ka ba jikanka. Na farko, ba sau ɗaya aka je ba, sau shida aka sauka tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka wata. Na biyu, sun kawo duwatsu da ƙasa kilo 382, masana na ƙasashe da dama sun bincika su. Na uku, sun bar madubai a can, waɗanda aka yi shekara da shekaru ana haska musu haske daga ƙasa yana dawowa, ana auna nisan wata da shi. Na huɗu, daga 2009 wani kumbo da ke kewaya wata ya ɗauko hotunan wuraren da suka sauka, ana ganin kayan da suka bari har da turbar da ƙafafunsu suka yi. Na biyar, ɗan kasuwa ya san abokin gasa ba ya rufa maka asiri. Rashawa suna da na'urorin bin diddigi, kuma su aka kayar, amma gwamnatinsu ba ta taɓa cewa ƙarya aka yi ba.

Saboda haka Malam, ka zaunar da yaron nan ka ba shi labarin zauren mahaifinka yadda ka gan shi, ka ƙara masa da na tashar Kano. In ya ƙara kawo wata gardama, ya rubuto mana da kansa, muna nan muna jira. Allah ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.