Iskar Hunturu ta Ƙarshen Kaka: Asalinta, Alamominta da Matakan Kariya

Gabatarwa

A kowace shekara, daga wajen tsakiyar watan Nuwamba, lokacin da manoman Jihar Kano suke kan girbin dawa da roron wake, akan wayi gari da busasshiyar iska mai sanyi da ƙura tana kaɗawa daga arewa maso gabas. Wannan ita ce sallamar hunturu. Ta kan iske amfanin gona a tare a fili, ga kara da ciyawa sun bushe, jama'a kuma ba su gama shirin sanyi ba. Mun tanadi wannan bayani ne domin mazauna karkara, da dagatai da masu unguwanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi 44 na jihar nan, saboda a san inda iskar take fitowa, da alamun zuwanta, da kuma abin da ya kamata a yi kafin ta iso.

Daga ina iskar take fitowa?

Da damina, iskar da take kawo mana ruwa daga kudu maso yamma take tasowa, wato daga tekun Atlantika. Daga watan Oktoba sai ta riƙa ja da baya zuwa kudu, ta bar wa iskar hamada fili. A daidai wannan lokaci ne kuma sanyi yake kamawa a ƙasashen Turai, inda tarin iska mai sanyi yakan ƙetaro tekun Bahar Rum jefi-jefi, ya sauka a kan Aljeriya da Libiya da Masar. Da yake iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta taru a kan hamadar Sahara, ta riƙa turo wadda take gabanta zuwa wajenmu.

A arewacin ƙasar Chadi akwai manyan duwatsu guda biyu, Tibesti da Ennedi. Iskar takan matse a tsakaninsu, ta fito da ƙarfi, ta faɗa wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Wannan kwari kwancin tsohon Tafkin Chadi ne na zamanin da yake da girma, kuma ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari. Masana sun tabbatar da cewa babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar da ta tashi a can takan iso mana, ita ce kuma farin hazon da muke gani.

Saboda iskar sanyin Turai ba kullum take ƙetarowa ba, hunturu ma kashi-kashi yake zuwa. Yakan buga na 'yan kwanaki, ya lafa har a ɗauka ya wuce, sannan ya sake dawowa, haka har zuwa watan Fabrairu, wani lokaci ma har cikin Maris. Don haka lafawar farko ba dalilin sakin jiki ba ce.

Yawan sanyin

A manyan duwatsun hamada, irin su Tibesti da duwatsun Azbin na Jamhuriyar Nijar, sanyi kan kai ga ruwa ya daskare da dare. Kafin iskar ta iso ƙasarmu ta riga ta ɗan ɗumama a hanya, shi ya sa ba mu san daskarewar ruwa ba. A Kano, a watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, a wasu darare ma ƙasa da 10, alhali da rana yakan kai wajen 30. Dalilin wannan bambanci shi ne, busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, babu kuma gajimaren da zai tare shi, don haka da rana ta faɗi sai zafin ƙasa ya tsere sama. Danshin da ke cikin iska kuwa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, wanda shi ne yake jawo tsagewar leɓe da faso da haɓo, shi ne kuma yake mayar da kara da jinka tamkar makamashi.

Alamun zuwanta

1. Raɓa ta ɗauke, a wayi gari ciyawa a bushe.
2. Sararin sama ta gabas ya yi fari, rana ta fito babu kaifi, har a iya kallonta.
3. Iska ta ƙara ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma, sanyi kuma ya tsananta daga tsakar dare zuwa asuba.
4. Sanarwar Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, wadda aka kafa da doka a shekarar 2003. Hukumar takan yi gargaɗi idan ta ga ƙura ta tashi a Chadi ko Nijar, gidajen rediyo kuma sukan karanta shi.

Gobara

Asarar da ta fi ciwo a wannan lokaci takan fito ne daga wutar da muke hurawa da hannunmu domin jin ɗumi ko dafa ruwan wanka, ko kuma domin ƙona daji. Tartsatsi guda ya isa, in dai akwai iska, ya kama danga, daga danga ya hau jinka, daga nan ya kai ga rumbu, wahalar shekara guda ta tafi cikin sa'a ɗaya. Don haka muna ba da shawara kamar haka:

1. A gaggauta kwashe dammunan hatsi daga gona. Inda ba a samu dama ba, a share fili mai faɗi kewaye da tarin, kada a bar ciyawa ko kaɗan.
2. A ajiye kara da harawa nesa da ɗakunan kwana da madafa.
3. A kashe wutar murhu da ruwa kafin a kwanta, kada a bar yara su kaɗai a bakin wuta.
4. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana. Masu wutar lantarki su zare hita da dutsen guga da zarar an ɗauke wuta.
5. Mafarauta da masu neman gafiya su daina cinna wa daji wuta.

Haka kuma muna jan hankalin jama'a game da shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, har ta kai ga rasa rai. Wanda aka samu a wannan hali a fito da shi fili nan take, a garzaya da shi asibiti.

Lafiyar jama'a

Waɗanda sanyi da ƙura suka fi yi wa illa su ne jarirai, da tsofaffi, da masu asma, da masu amosanin jini, da almajiran da suke kwana a zaure ko a fili. A sa wa yara hula da rigar sanyi, a yi musu wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta ɗaga, a shafa musu mai, kowa kuma ya yawaita shan ruwa ko da bai ji ƙishirwa ba. Masu fita da sassafe su rufe hanci da baki.

Idan yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance a natse. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, to alamar ciwon huhu ce, a kai shi asibiti a ranar.

Bayan haka akwai sanƙarau. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma yana sauƙaƙa yaɗuwar ƙwayar cutar, wadda takan fi tsananta daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. A annobar shekarar 1996 mutane fiye da 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Kano kuma tana cikin wuraren da abin ya fi shafa. An fara rigakafin nau'in da ya jawo wannan annoba a ƙasar nan a 2011, sannan a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne.

Dabbobi, noma da tafiye-tafiye

A yi wa 'yan awaki da 'yan maruƙa kariya da zana ta ɓangaren da iska take bugowa. Annobar kaji ma takan yawaita da hunturu, don haka a nemi ma'aikatan dabbobi su yi musu rigakafi tun da kaka. Direbobi kuwa su sani cewa a ranar hazo mai kauri ba a iya hangen abin da ya kai nisan kilomita ɗaya, sai a rage gudu a kunna fitila.

Duk da haka hunturu yana da nasa alherin. Alkama ba ta yin kyau sai da sanyi, shi ya sa ake son manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, masu amfani da ruwan madatsar Tiga, su yi shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai iske alkamarsa ba ta gama cika ido ba. Hatsi da kauɗar tumatir suna bushewa sarai, sauro yana raguwa, ƙurar da take sauka kuma tana ƙara wa ƙasar noma ɗan taki.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwanni da su fara faɗakarwa tun daga watan Oktoba, ta bakin limamai da masu shela da kuma ranakun kasuwa. A duba zaurukan da almajirai suke kwana, a tanadi ruwa da yashi a kasuwanni, a kuma san hanyar da za a kira 'yan kwana-kwana tun kafin buƙata ta taso. Duk inda aka ga mutum mai alamun sanƙarau, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da ɓata lokaci ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya kiyaye mana rayuka da dukiyoyi, Ya sa mu ci amfanin da muka noma lafiya, amin.