Ɗaka da Dandali: Littafin Hausa a Gaban Kyamara

Da wuya a mayar da littafin Hausa fim ba a ji wani cikin waɗanda suka karanta shi ya ce an ɓata labarin ba. In aka bi diddigin ƙorafin, ma'auni ɗaya ake riƙe da shi: fim ɗin ya bi littafin sau da ƙafa, ko kuwa ya kauce? Ma'aunin yana da ranarsa, sai dai bai kai ga gano ainihin abin da ke faruwa ba idan labari ya tashi daga takarda ya koma gaban kyamara a ƙasar Hausa. Abin da ya fi sauyawa shi ne mahalarta. Littafi mutum ɗaya ke karanta shi, a ɗaka, babu mai ganin fuskarsa. Fim kuwa a tsakar gida ake kallonsa, ga uwa ga 'ya'ya, wani lokaci har da suruki a zaune. Bugu da ƙari, tauraron littafi ba shi da dangi, amma ɗan wasan da ya hau matsayinsa yana da iyaye da unguwa da limamin da ya san shi. Hujjata a wannan maƙala ita ce, wannan bambanci na mahalarta shi ke yanke abin da kowane ɗayansu zai iya faɗa, kuma ba kullum littafi ke cin riba ba.

Misali mafi girma shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da aka shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East a Zariya, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubucin a lokacin matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da haura shekara 20 ba. Ɗan ƙaramin littafi ne da ake iya karancewa a zama ɗaya, amma cikin biyar ɗin shi ne ya fi nauyin jigo. Wani shaihin malami ne a garin Rauta yake ba almajiransa tarihin kansa: yadda aka haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, 'yan baƙin ciki suka yi wa Makau sharri bayan wani harin kamun bayi har aka kore shi daga gari. Daga nan aka sace yaron, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ba shi ilimi. Uwar kuwa ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka ƙetara hamada da ita. Sun sadu a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta cika.

Abin da ke ɗaure kan mai karatu na yau shi ne sanyin muryar mai ba da labarin. Umar yana zayyana kamun bayi da cinikinsu cikin natsuwar malamin da ya riga ya sallama wa ƙaddara. Ba ya tsinuwa, ba ya kuka. Wasu manazarta sun ɗauki wannan a matsayin rauni, wai marubucin ya yi wa bauta sassauci tunda ita ce ta kai Umar ga ilimi. Ni ban gamsu da wannan karatu ba, domin labarin uwar yana nan a gefe yana ƙaryata duk wani sassauci: hanyar da ta ɗaukaka ɗan ita ce ta hallaka uwar. Amma gaskiya ne cewa muryar Shaihu tana shiga tsakanin mai karatu da azabar, tana rage mata zafi.

Labarin ya fara bi ta dandamali, inda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Fim ɗin ya riƙe tsarin littafin, wato ya buɗe da malami da almajiransa, kuma ya kai kimanin minti 140, abin da ya zarce lokacin da mai saurin karatu zai ɗauka ya gama littafin. Wannan tsawo kansa shaida ne. Abin da Ɓalewa ya wuce a jimla biyu, kyamara dole ta tsaya a kansa. Ana iya rubuta cewa ayari ya ƙetara hamada a taƙaice, amma ba a iya nuna shi ba tare da an nuna jikin mutane da rana da yashi ba. Ido ba ya karɓar haƙurin da kunne ya karɓa daga bakin malami. A nan fim ya faɗi abin da littafi ya sassauta, ba don ya kauce wa labarin ba, sai don bautar da mutum abu ne da ake yi a bainar jama'a, kuma kunya ba ta hana a nuna shi.

Akwai wata riba ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Littafin yana da wata 'yar tangarɗa ta tsari: Umar ne ke magana da bakinsa, amma yana kawo zantukan fada da aka yi yana jariri, da halin da uwarsa ta shiga a wuraren da bai je ba, dalla-dalla. Ana iya cewa daga baya ya ji, amma mai karatu mai lura yana jin muryar ta zame daga hannun Umar ta koma ta marubuci. Kyamara ba ta da wannan matsala, domin ɗabi'arta ce ta shiga inda mai labari bai shiga ba, babu mai tambayarta wa ya gaya mata.

Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin doka. Ayyukan Abubakar Imam suna nuna akasin haka. Daɗin Ruwan Bagaja ba a cikin abubuwan da suka faru yake ba, a bakin Alhaji Imam yake, da cika-bakinsa da yadda yake ba da labarin ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har mai karatu ya rasa ko ya gaskata shi ko ya yi masa dariya. Da zarar an nuna abin a zahiri, shakkar ta tafi, rabin raha ya bi ta. Haka Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939. Gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaransa wasa, marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice a ciki, kuma mutane da yawa ta nan suka fara sanin littafin. Amma littafin da aka gina shi kan aku mai riƙe ɗan sarki da zaƙin baki don kada ya fita, jarinsa magana ce kamar yadda sunansa ya faɗa. Wanda ya kalla bai karanta ba ya san labaran Imam, bai san Hausar Imam ba.

Inda hujjar mahalarta ta fi fitowa fili shi ne adabin da ya bunƙasa a Kano daga ƙarshen shekarun 1980, wanda masu suka suka laƙaba wa adabin kasuwar Kano. Tun farko wannan adabi da fim ɗin bidiyo tare suka taso. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma ba a jima ba marubutan ƙungiyar Raina Kama suka fara ɗaukar littattafansu da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, wato labarin Sumayya 'yar masu hali da ta so Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri attajiri Abdulƙadir, har ta faɗa rijiya. Bala Anas Babinlata ya yi haka da Tsuntsu Mai Wayo. Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa shi ma ya zama fim. A nan ba za a ce wani baƙo ne ya zo ya ɓata wa marubuci aiki ba, tunda sau da yawa mai alƙalamin shi ne mai shirya fim ɗin. Duk da haka bambanci ya bayyana, kuma wannan ya isa ya nuna cewa matsalar ba ta rashin amana ba ce.

Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ne na fi so a duba. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, tana da 'ya'ya tara, tana fama da ƙarancin cefane alhali mijin yana kashe kuɗinsa a waje. Ya auro Delu, wadda ta yi zaman kanta, aka yi rikici, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta watsar da shi, sai kuma aka taru a kan Rabi ta koma. Ƙarfin littafin yana cikin kai mai karatu inda baƙo namiji ba ya shiga: lissafin kuɗin cefane, rabon kwana, baƙar maganar kishiyoyi, da abin da mace ke saƙawa a zuci ranar da aka ce ta yi haƙuri alhali ta san ita aka zalunta. Ƙarshensa ma ba daɗi ne da shi ba, komawar Rabi ta fi kama da hukunci a kan nasara. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga a 2012.

Abdulkarim Muhammad ya mayar da shi fim a 1998, kuma cikin ƙorafin da ya biyo baya har da na masu kallo da suka ga kusancin namiji da mace ya yi yawa a wasu fitowa. Abin lura a nan shi ne, littafin ya shekara takwas a hannun jama'a yana zancen cikin ɗaki. Da labarin ya sami fuska da jiki, ya shiga falon da ake zaune da yara, sai abin da aka karanta shiru ya zama abin magana. Bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, wannan kunya ta zama ƙa'ida a rubuce da a aikace, har ya kasance mata da miji a fim ba sa taɓa juna. Korar 'yar fim Rahama Sadau da ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN ta yi a 2016 saboda rungumar wani mawaƙi a bidiyon waƙa ta tabbatar da cewa mai kallo ba ya raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Babu wanda zai kori Delu daga wata ƙungiya, domin a takarda take zaune.

Da wannan ido ya kamata a sake duba waƙa da rawa, waɗanda suka mamaye finafinan Hausa musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999. An saba cewa kwaikwayon Indiya ne kawai, kuma tasirin Indiya ba abin musu ba ne. Manazarci Brian Larkin ya nuna tun 1997 cewa har littattafan soyayyar kansu sun sha daga wannan ƙorama. Amma aro ba ya zama sai ya tarar da buƙata. Marubuci yana da shafuka da zai shiga zuciyar budurwa ya fayyace abin da take ji. Mai fim ba shi da wannan ƙofa, an kuma rufe masa ta taɓa jiki. Waƙa ce ta rage masa, inda masoya za su tsaya nesa da juna su faɗi abin da bakinsu ba zai iya faɗa a zance ba. Ko mutum yana son waƙoƙin ko ba ya so, aikin da suke yi shi ne wanda zancen zuci ke yi a littafi.

Ana iya kawo suka biyu a kan wannan hujja. Ta farko, cewa talaucin kayan aiki ne ya raunana finafinan bidiyo, ba kunya ba. Akwai gaskiya a ciki, domin Shaihu Umar da kuɗin gwamnatin tarayya aka yi shi, su kuwa na Kano da ɗan abin da marubuci ya tara daga cinikin littafi. Amma kuɗi suna gyara hoto da sauti ne, ba sa buɗe ƙofar ɗakin Rabi. Ta biyu ta fi ƙarfi: ai littafin ma bai tsira ba. An yi ta zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya a shafukan jaridu, kuma a 2007 an ƙona wasu da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wannan haka yake. Sai dai a lura da abin da aka ji tsoro: yarinya tana karatu ita kaɗai, babu mai sa ido. An tsangwami littafi saboda sirrinsa, an tsangwami fim saboda bayyanarsa. Sukar ba ta rushe hujjar ba, ta ƙara mata ƙafa ne.

Saboda haka shawarar da nake ba ɗalibai ba iri ɗaya ba ce ga kowane aiki. Shaihu Umar a karanta shi sannan a nemi fim ɗin, a ajiye su gefe da gefe, a duba wuraren da malamin ya wuce da sauri kyamara ta tsaya. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce a karanta su da murya, a gaban mutane in da hali, domin da kunne aka rubuta su. Alhaki Kwikwiyo Ne kuwa littafin ne kan gaba, fim ɗinsa ya fi amfani a matsayin shaidar iyakar da al'umma ta shata wa ido a ƙarshen shekarun 1990.

Wannan kwatance yana buƙatar a sami finafinan a hannu, kuma a nan akwai abin damuwa. Fim ɗin Adamu Halilu an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Finafinan Kano na shekarun 1990 kuwa a kaset ɗin bidiyo aka fitar da su, wanda zafi da ƙura ke ci a hankali. Sassanmu na nazarin harsunan Nijeriya a Kano da Zariya da Sakkwato suna da littattafan a kan kanta. Ya rage su nemo kaset ɗin daga hannun masu shiryawa da tsofaffin 'yan kasuwar fim, su mayar da su na kwamfuta tun ana iya kunna su.