Gilbert Le Coze, Mai Dafa Kifin Teku

A garin Port-Navalo da ke gaɓar tekun yankin Brittany na ƙasar Faransa, inda kakansa ya kasance masunci, iyayensa kuma suke riƙe da wani ɗan masauƙi mai ɗakin cin abinci, a nan ne Gilbert Le Coze ya tashi, ya san kifi tun yana yaro ƙarami, sanin da makaranta ba ta bayarwa.

A shekarar 1972 shi da 'yar'uwarsa Maguy suka buɗe gidan cin abinci mai suna Le Bernardin a birnin Faris, suka ɗora wa kansu sharaɗin cewa abin da teku ya fitar shi ne asasin sana'arsu. Mazhabarsa a girki, in ana iya kiranta haka, ita ce kada wuta ta zalunci kifi, kada kuma miya ta ɓoye ɗanɗanonsa. Alhali kuwa galibin masu girkin zamanin sun saba dafa shi har ya bushe.

Da suka kai sana'ar New York a 1986, bai yi ƙyashin yin sammako zuwa kasuwar kifi ta Fulton ba, yana zaɓe da hannunsa, kuma cikin 'yan watanni jaridar New York Times ta ba gidan taurari huɗu, wato matuƙar darajarta. Ajali ya riske shi a 1994 sanadin ciwon zuciya, sai Eric Ripert, wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa, ya gaji madafar.