Daga Zango Zuwa Birni: Yadda Sokode da Dapaong Suka Bazu

A ƙarni na 19 hanyar fataken goro daga Kano zuwa Salaga ta bi ta ƙasar Kotokoli, a tsakiyar Togo ta yau. Ayari yakan ya da zango a Didaure, inda Hausawa da waɗansu baƙi suka zauna kusa da ƙauyukan manoma irin su Koma. A zamanin nan ƙasa ta dangi ce, ba ta sayarwa ba. Baƙo yakan roƙi wurin gini a hannun manya, a ba shi.

Jamusawa suka kafa bariki a wurin wajen 1898, Faransawa suka karɓe ƙasar a 1914. Sannu a hankali bariki da kasuwa da zango da ƙauyuka suka haɗe, suka zama Sokode. Ke nan garin bai tashi bisa tsari guda ba.

Dapaong kuwa tana can arewa a ƙasar Moba. A zamanin Jamus, Sansane Mango ce cibiyar arewa. Daga baya Dapaong ta zama hedkwatar yankin Savanes, babbar hanyar Lome zuwa Burkina Faso kuma ta ƙara mata jama'a. Ƙidayar 2010 ta sami mutum wajen 95,000 a Sokode, 58,000 a Dapaong. Tun 2022 kuma mutanen ƙauyukan kan iyaka da suka guje wa hare-hare suka ƙaru a Dapaong.

Da jama'a suka yawaita, sai gona ta zama kuɗi. Dangi suka riƙa yanka gonakin bakin gari fuloti-fuloti suna sayarwa, gidaje suka riga ruwan famfo da lantarki da magudana isa. Wani lokaci a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, shari'a ta raba zumunci. Dokar gyaran ƙasa ta 1974 ba ta tsai da wannan ba. A 2018 aka yi sabuwar dokar ƙasa, a 2019 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, karo na farko tun 1987.

Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta. Mai sayen fili ya binciki asalinsa, ya nemi takardar mallaka. Dangi masu yankawa su bar wurin hanya da makaranta da maƙabarta tun kafin a kafa tubali, gama wurin da aka riga aka gine, rushe shi sai da hawaye.