Cutar Lufus

Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, ta far wa fata, gaɓoɓi, ƙoda da jini, wani lokaci har zuciya da ƙwaƙwalwa. Sunan daga harshen Latin yake, ma'anarsa kyarkeci. Ba a ɗaukarta daga wani. Kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi 'yan shekara 15 zuwa 45, kuma ta fi tsananta ga baƙar fata.

Takan taso ta lafa. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, kasala, zubewar gashi da ƙuraje a kumatu su ne alamominta, shi ya sa akan daɗe ana shan maganin maleriya ko taifot, wasu ma su ce sammu ne, kafin gwajin jini da fitsari ya tona ta. A Kaduna akan nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ba ta warkewa, sai dai a danne ta. Babban maganinta hydroxychloroquine, wanda asalinsa na maleriya ne, yana iya taɓa gani, don haka ake duba ido a kai a kai, kamar a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Rana na tayar da cutar, musamman ta Maris da Afrilu.

Ciwon zucin ma ba ƙarami ba ne. Prednisolone, wani maganin da ake ba masu ita, kan kumbura fuska, ɓari kan yawaita, ga gorin lalaci daga dangin da ba sa ganin ciwon da ido. Ranar 10 ga Mayu ce ranar lufus ta duniya.